Da Wane Ma'auni Birtaniya Ke Zaɓen Gwarzuwar Mashaya ta Shekara?

A watan Janairun 2025 jaridun Birtaniya suka ɗauki labarin cewa wata mashaya mai suna Bailey Head, da ke garin Oswestry kusa da iyakar Ingila da Wales, ita ce ta zama gwarzuwar shekara a duk faɗin ƙasar a gasar da ƙungiyar masu shan giya ta CAMRA ke shiryawa, bayan wata mai suna Tamworth Tap ta riƙe kambin sau biyu a jere, a 2022 da 2023. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, wanda bai san ƙasar ba yakan tambaya: me ake aunawa a gidan giya har a ce wani ya fi wani? Wasu suna ɗauka gasa ce ta yawan ciniki, wasu kuma suna zaton ƙawar gini da tsadar kujeru ake dubawa. Duka biyun kuskure ne. Hukuncin giya a Musulunci a bayyane yake, kuma wannan bayani ba kira ba ne zuwa gare ta. Sai dai ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a Landan da Birmingham da Manchester suna wucewa ta ƙofar waɗannan gidaje kullum, abokan aikinsu suna gayyatarsu can, majalisun ƙananan hukumomin unguwanninsu suna muhawara a kansu, kuma da wuya mutum ya fahimci al'umma bai san inda take zama ta yi hira ba.

Gidan jama'a

Kalmar da suke kiran mashaya da ita, wato pub, taƙaitawa ce ta kalmomi biyu da ke nufin gidan jama'a, kuma sunan yana ɗauke da ma'anar abin. A ƙauye ko tsohuwar unguwa, nan ake zama bayan an tashi daga aiki, nan ake taruwa bayan jana'iza, nan ƙungiyar ƙwallon unguwa ke yin taronta. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi idan aka haɗa su wuri guda aka yi musu rufi da murhu saboda sanyi. A shekarar 2000 akwai irin waɗannan gidaje kimanin 60,000 a Birtaniya, yanzu kuwa ba su wuce kimanin 45,000 ba, kuma wannan raguwa ce ta sa maganar wacce ta cancanci yabo ta zama magana mai nauyi.

Giya mai rai da giyar gas

Ma'auni na farko, wanda ya fi kowane nauyi, shi ne ingancin abin da suke kira real ale, wanda za mu kira giyar ganga ko giya mai rai. Ana yin ta da tsiron sha'ir da ruwa da yisti da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hops, kamar sauran giya, amma bambancin yana wurin abin da ke faruwa bayan an gama dafawa. Yawancin giyar da ake sayarwa a duniya ana tace ta, sau da yawa a ɗumama ta don kashe duk wani abu mai rai a cikinta, a rufe ta a tulun ƙarfe, sannan a tura ta zuwa kofi da ƙarfin iskar gas. Ita kuwa giyar ganga ana zuba ta ne da sauran yistinta da rai, ta ci gaba da nuna a cikin gangar da za a sayar da ita, kuma kumfarta daga jikinta take fitowa. Wanda ya san bambancin kindirmo da madarar gwangwani ya fahimci rabin maganar: ɗaya yana canzawa daga safe zuwa yamma kuma yana buƙatar hannun da ya san shi, ɗayar kuwa yadda ta baro masana'anta haka za ka same ta bayan wata shida.

A nan ne dalilin da ya sa ake yi wa mashaya hukunci, ba kamfanin da ya dafa giyar kaɗai ba, yake fitowa fili. Idan ganga ta iso, mai gidan zai kwantar da ita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya bar ta kwana ɗaya ko fiye har yistin ya kwanta ruwan ya washe, ya huda mata kafar da iska za ta fita, ya tabbatar sanyin ɗakin yana tsakanin digiri 11 zuwa 13, ya kuma wanke bututun da ke kai ta zuwa famfon hannu a kowane mako. Da zarar an fara ja, iska tana shiga gangar don maye gurbin abin da ya fita, kuma daga wannan lokaci kwana uku ne kacal, ko abin da ya ɗan ɗara haka, kafin ta fara tsami. Saboda haka giya iri ɗaya daga kamfani ɗaya tana iya zama abin yabo a wannan gida, ta zama ruwan tsami a gidan da ke kallonsa.

Akwai wani lissafi da ke ɓoye a nan wanda baƙo ba ya lura da shi. Gangar da aka fi amfani da ita tana ɗaukar kofi 72 na ma'aunin da suke kira pint, wanda ya kai mililita 568. Idan dole ne ta ƙare cikin kwana uku, ke nan kowane famfo sai ya sayar da kofi 24 a rana. Gidan da ya jera famfo goma don burge jama'a yana buƙatar sayar da kofi 240 na giyar ganga kaɗai a kowace rana, in ba haka ba wasu gangunan za su lalace yana ci gaba da sayar da su. Don haka masu sanin abin sukan fi amincewa da gidan da ke da famfo uku masu gudu fiye da mai goma da rabinsu ke zaune. Yawan zaɓi da inganci suna jan igiya ɗaya ne ta fuskoki biyu.

Yadda ƙungiyar masu sha ta zama alƙali

A shekarun 1960 manyan kamfanoni shida suka haɗiye ƙananan masana'antun giya da dubban mashayu, suka kuma karkata ga giyar gas saboda ba ta lalacewa da wuri kuma ba ta buƙatar gwaninta. A watan Maris na 1971 wasu matasa huɗu 'yan Ingila, Michael Hardman da Graham Lees da Jim Makin da Bill Mellor, suna yawon hutu a yammacin ƙasar Ailan, suka yanke shawarar kafa ƙungiyar da za ta yi yaƙi da wannan sauyi. Ita ce CAMRA, wadda ta kafa hedikwatarta a garin St Albans, kuma a yau tana da mambobi sama da 100,000 da rassa sama da 200. Ita ce ta ƙirƙiro sunan real ale, ta kuma gindaya masa sharuɗɗa, don haka ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: wanda ya shata ma'aunin shi ne kuma yake riƙe da shi.

Ƙungiyar tana fitar da kundin shekara mai suna Good Beer Guide, wanda aka fara bugawa a matsayin littafi a 1974, kuma yanzu yana ɗauke da mashayu kimanin 4,500. Ba a biyan kuɗi don shiga. Mambobi ne ke ba da maki a duk tsawon shekara bisa ma'auni daga 0 zuwa 5, inda 0 ke nufin babu giyar ganga sam, 2 matsakaiciya, 3 mai kyau, 5 kuma wadda ba ta da aibi, kuma ana gargaɗinsu kada su riƙa ba da 5 sai da ƙyar. Daga waɗannan makin ne kowane reshe ke zaɓen gidajen da zai tura. Gasar gwarzuwar shekara, wadda aka fara a 1988, tana hawa mataki-mataki ne daga reshe zuwa yanki har a rage saura huɗu, alƙalai kuma suna zuwa ba tare da sanarwa ba, su duba giya da tsabta da tarbar baƙo da darajar abin da aka biya da kuma matsayin gidan a rayuwar unguwa.

Akwai kuma wani tsari dabam mai suna Cask Marque da masana'antar da kanta ta kafa a ƙarshen shekarun 1990, inda ƙwararru ke zuwa da ma'aunin zafi su gwada sanyi da kamanni da ƙamshi da ɗanɗano, su ba gidan da ya ci allon da zai liƙa a ƙofa. A nan ana biyan kuɗin rajista. Kowane tsari yana da rauninsa: na masana'anta ya fi daidaito amma ziyara ce ta ɗan lokaci kuma akwai kuɗi a tsakani, na mambobi kuwa ya fi yawan idanu amma ba ya rasa son rai, domin ɗan reshe mutum ne da ke da gidan da ya saba zama, da mai gidan da suka shaƙu. Haka nan yawan gurbin da aka ware wa kowane reshe a kundin yana da iyaka, ta yadda gidan da ya gaza shiga a birnin da gasa ta yi zafi zai iya fin wanda ya shiga a inda babu abokin karawa.

Abinci

Abinci ba ya cikin manyan sharuɗɗan CAMRA, kuma gidan da ba shi da ɗakin girki ma yana iya lashe kambinta. Amma kasuwa ta bi wata hanya dabam. Tun daga 1991, lokacin da aka buɗe The Eagle a unguwar Farringdon ta Landan da niyyar haɗa mashaya da girki na gaske, da kuma bayan hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a a Ingila ranar 1 ga Yulin 2007, gidaje da yawa suka koma dogaro da faranti fiye da kofi. Har ta kai The Hand and Flowers da ke garin Marlow ta zama mashaya ta farko da ta samu taurari biyu na Michelin, kundin da ke ba fitattun gidajen abinci lambar yabo. Masu ra'ayin gargajiya suna ƙorafin cewa idan kowane tebur an shimfiɗa masa cokula kuma sai an yi rajista kafin a zauna, to gidan ya zama gidan abinci, dattijon unguwa kuma ya rasa kujerarsa. Masu gidajen suna amsawa da cewa da babu girkin da tuni an rufe. Ga talaka mai son sanin inda zai ci lafiya, abin da ya fi amfani shi ne makin tsabta daga 0 zuwa 5 da jami'an ƙananan hukumomi ke bayarwa, wanda doka ta tilasta a liƙa shi a ƙofa a Wales da Ailan ta Arewa, amma a Ingila ganin dama ne.

Farashi da abin da ke bayansa

A nan ne hukuncin mai saye ya fi yawan zaluntar mai gida. Kofi ɗaya yana kaiwa kusan fam 5 a matsakaici, a tsakiyar Landan kuma ya zarce haka nesa, kuma wanda ya ga gida biyu a titi ɗaya da bambancin fam biyu yakan ɗauka ɗaya mai haɗama ne. Sau da yawa labarin ya fi haka tsawo. A 1989 hukumar da ke sa ido kan babakere a kasuwa ta gano cewa kamfanonin nan shida ne ke dafa kimanin kashi 75 cikin 100 na giyar ƙasar, sai gwamnati ta umarci duk wanda ke da mashayu fiye da 2,000 ya saki rabin abin da ya haura. An yi haka ne don a buɗe kasuwa, amma sai gidajen suka faɗa hannun sababbin kamfanonin gidaje waɗanda ba sa dafa komai, suna ba da haya bisa sharaɗin cewa ɗan haya daga wurinsu kaɗai zai sayi giya, a farashin da ya fi na kasuwa. Mai irin wannan ɗauri ba zai iya karawa da maƙwabcinsa mai 'yancin saye a ko'ina ba, balle da kamfani irin Wetherspoon da Tim Martin ya kafa a 1979, wanda ke da gidaje kusan 800 kuma yake sayen kaya da yawan da ke karya farashi. Sai a 2016 aka kafa dokar da ta ba 'yan hayar kamfanonin da ke da gidaje 500 ko fiye a Ingila da Wales damar neman a kwance musu ɗaurin su biya haya zalla, a wasu yanayi da doka ta fayyace.

Haraji ma yana da kasonsa. Abincin da aka ci a mashaya ana ɗora masa harajin kaya na kashi 20 cikin 100, alhali yawancin abincin da ke manyan kantuna ba a ɗora masa komai. Daga 2008 zuwa 2013 harajin giya yana hawa da kashi 2 cikin 100 sama da hauhawar farashi a kowace shekara, kafin a soke tsarin. Sannan ga tsohuwar rigimar mudu, wadda duk wanda ya taɓa sayen hatsi zai gane ta: ƙa'idar da masana'antar ta shimfiɗa wa kanta ta yarda kumfa ta ci har kashi 5 cikin 100 na kofin, CAMRA kuma ta daɗe tana cewa wanda ya biya kuɗin kofi cikakke a ba shi cikakke. Shi ya sa alƙalai masu hankali ba sa tambayar wane gida ne ya fi araha, suna tambayar ko abin da aka bayar ya kai abin da aka karɓa. Ita kanta ƙungiyar ba ta tsira daga zargi a nan ba, domin takardun rangwamen rabin fam da take raba wa mambobinta sun daɗe suna aiki a manyan kamfanoni irin Wetherspoon, abin da wasu ƙananan masu gidaje ke gani a matsayin koya wa mutane raina farashin kayan da ya fi kowane wahalar kulawa.

Yanayin wuri, a idon wa?

Sanyin giya ana gwada shi da na'ura, farashi yana rubuce a allo, amma yanayin wuri ba shi da ma'auni sai zuciyar wanda ya shigo. A 1946 marubuci George Orwell ya wallafa wata maƙala a jaridar Evening Standard yana siffanta mashayar da yake buri, kuma abubuwan da ya lissafa har yau su ne ake maimaitawa: wurin da ya yi shiru har a iya hira, ma'aikatan da suka san sunan masu zuwa, lambun da iyali za su zauna. Alƙalan yau suna duba ko an gaishe da baƙo, ko allon sanarwa yana ɗauke da harkokin unguwa, ko mace za ta iya shigowa ita kaɗai ta zauna hankali kwance.

A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi muhimmanci kuma shi ne ya fi saurin yaudara, domin abin da ɗan gida ke ji a matsayin ɗumi, baƙo yana iya jin sa a matsayin katanga. Tarihin ƙasar ya tabbatar da haka. A watan Fabrairun 1965, kwana tara kafin a kashe shi, Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata na Amurka, ya ziyarci garin Smethwick kusa da Birmingham bisa gayyatar ƙungiyar ma'aikata 'yan asalin Indiya, aka kai shi wata mashaya don ya ga da idonsa yadda ake hana baƙaƙe da 'yan Asiya zama a wasu ɗakuna. A shekarar 1965 ɗin ce aka kafa dokar farko da ta haramta wariyar launin fata a wuraren taruwar jama'a. Babu shakka masu zama a waɗancan ɗakuna da an tambaye su da sun ce gidansu yana da yanayi mai daɗi. Daga baya 'ya'yan waɗanda aka kora, musamman 'yan asalin Punjab, suka sayi gidaje da dama a wannan yanki suka haɗa su da gasasshen nama da girkin ƙasarsu, kuma a 2023 sashen wallafa na CAMRA ya fitar da littafi sukutum a kansu. Wannan ci gaba ne na gaske, amma tambayar tana nan: idan yawancin masu ba da maki mutane ne masu kama da juna a shekaru da launi da ɗabi'a, yanayin da suke yabo na wa ne?

Tambayar ta shafi wanda ba ya sha kai tsaye. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar na manya a Ingila ba ya shan giya, kuma a wuraren aiki da yawa har yanzu a mashaya ake yin bankwana da abokin aiki, a can kuma ake ƙulla sabon da ke kai mutum gaba. Musulmin da ya zaɓi kada ya shiga yana da hujjarsa, kuma ya dace wurin aiki ya mutunta ta ta hanyar samar da wani wurin haɗuwa. Wanda larura ta kai shi kuwa, shi ne ya fi kowa sanin ko gidan na jama'a ne da gaske, daga yadda aka karɓi odarsa ta shayi ko lemo. A 2018 an kawo shawara a CAMRA cewa ta zama muryar duk masu zuwa mashaya, ba masu giyar ganga kaɗai ba, kuma duk da cewa mafi rinjaye sun goyi baya, ƙuri'un ba su kai kashi 75 cikin 100 da ake buƙata ba.

Abin da lambar yabo ke jawowa, da abin da ba ta aunawa

Ga mai gida, shiga kundi ko lashe gasa yana kawo baƙi daga nesa, yana kuma iya zama bambanci tsakanin ci gaba da rufewa. Ga unguwa kuwa, shaidar cewa gida yana da amfani ga jama'a ta zama makami a gaban hukuma. Dokar 2011 ta ba mazauna unguwa a Ingila damar yi wa gini rajista a matsayin kadarar al'umma, ta yadda idan za a sayar da shi za a dakata har wata shida don su haɗa kuɗi su taya, kuma tun 2017 ba a rushe mashaya ko a mai da ita kanti sai da izinin hukumar tsara gari. Lokacin da aka rushe Carlton Tavern a Landan a 2015 ba tare da izini ba, hukuma ta tilasta a sake gina ta kamar yadda take, aka kuma sake buɗe ta a 2021. Haka nan da The Crooked House, sananniyar karkatacciyar mashayar nan da ke kusa da Dudley, ta ƙone a watan Agustan 2023 aka kuma rushe ta bayan kwana biyu, ƙaramar hukumar yankin ta ba da umarni a watan Fabrairun 2024 cewa a mayar da ita.

Akwai abu ɗaya da babu takardar maki da ke ɗauke da shi, wato illar abin da ake sayarwa. Manyan jami'an lafiya na Birtaniya sun shawarci maza da mata tun 2016 kada su wuce awo 14 na barasa a mako, wanda ya yi daidai da kimanin kofi shida na giya matsakaiciya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana a farkon 2023 cewa babu wani adadi da za a ce ba shi da haɗari. Masu kare mashaya suna cewa sha a gaban mai gida da doka ta hana shi sayar wa wanda ya bugu ya fi sha a ɗaki shi kaɗai da kwalaben kanti masu araha, kuma kaɗaici ma cuta ne, musamman ga tsofaffi. Likitocin hanta da matan da ke jiran miji ya dawo tsakar dare suna da nasu lissafin, kuma ba a taɓa gayyatar su cikin alƙalan gasar ba.